Sakan Talatin da Biyar na Mis Odessa

Awa biyu kafin alƙalin wasa ya jefa ƙwallo sama, Mis Odessa Tolliver ta riga ta iso. Takan shigo ta ƙofar baya, wadda masu shara ke bi, da matashin zamanta a hammata, da fulas ɗin shayi, da 'yar jakar alewar na'a-na'a. A wannan lokaci babu kowa a ɗakin wasan ƙwallon kwando na Kwalejin Marlow sai hasken rana da ke zubowa ta tagogin sama yana kwanciya a kan katako. Sai ta zauna a kujera ta uku a teburin gefen fili, ta goge maɓallinta da hankici, ta ɗora babban yatsa a kai, ta lumshe ido. Baƙo zai ce gyangyaɗi take yi. Mu da muka sani, mun san ƙirga take.

Aikinta agogon jifa. Ƙungiya ta karɓi ƙwallo, ta danna, sakan talatin da biyar su fara tafiya. In an jefa ƙwallon ta taɓa ƙarfen kwando, ta mayar da agogo farko. In ba ta taɓa ba, lokaci ya ci gaba da zuba har ƙaho ya busa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Shi ke nan aikin, kuma shekara talatin da uku tana yinsa. Asabar mai zuwa za ta danna na ƙarshe.

Ni ne Lamont Prewitt na garin Pell Creek, kuma ba don na iya rubutu na ɗauki alƙalami ba. A garinmu, mil tamanin daga Marlow, har yau in an ambaci Mis Odessa sai a ce, "Au, matar nan da ta cuci ɗan Prewitt?" Shekara ashirin da biyu sunanta ke nan a bakin mutanena, kuma ni na sa mata shi. Ina so in cire mata shi tun tana ji da kunnenta.

Ku da kuka san ni a sakandare kun tuna yadda nake. A makarantun jiharmu a wancan zamani babu agogon jifa. Mai raba ƙwallo irina yana iya riƙe ta minti biyu in ya ga dama, ya tsaya a tsakiyar fili yana buga ta da ƙasa, yana yi wa mai tsaronsa murmushi, duk gari na ihun sunansa. Na girma ina jin lokaci nawa ne, kamar yadda gonakin masara da ke bayan gidanmu ba su da iyaka a idona. Babana mai aski ne, kuma bangon shagonsa duk hotunana ne. Wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha labarin maki arba'in da na ci kafin a gama masa gefe ɗaya.

Na iso Marlow kaina a kumbure. Kwana uku ya isa ya sace. Duk wanda na tarar tauraron garinsu ne, kuma kowannensu ya fi ni tsawo da faɗin kafaɗa. Yankan da nake yi wa yaran sakandare su zube, a nan sai mai tsarona ya yi hamma ya karɓe ƙwallon. Ga kuma wasu jajayen lambobi a saman kwando suna ja da baya, talatin da biyar, talatin da huɗu, ba su san Pell Creek ba balle ɗanta.

Koci Brumfield ya yi ihu har muryarsa ta dushe. "Prewitt! Aurenta za ka yi ne? Saki ƙwallon nan!"

Abin da na samu daga baya shi ne, duk sabon mai raba ƙwallo da ya zo Marlow da wannan ciwon yake zuwa, kuma duk wanda ya warke a hannun Mis Odessa ya warke. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya sa ta. Takan lura da wanda agogo ke firgitarwa, ta miƙa masa alewa ta ce, "Gobe da safe ka zo, ɗana, ka taya tsohuwa zama." Ni ma ta miƙa mini a makon farko. Na karɓi alewar, ban je ba. A ganina wanda ya ci maki arba'in ba ya bukatar darasi daga tsohuwar da ke kaɗa molo a coci ranar Lahadi.

Sai wata Asabar ta watan Janairu, da rana, dusar ƙanƙara na sauka a waje. Kafin a fara wasa Wendell, dogon da ke tsaya mana a ƙarƙashin kwando, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ka ga mai kwat ruwan toka ɗin can cikin 'yan kallo, layi na shida? Ƙungiyar ƙwararru ce ta aiko shi duba yara."

"Wa ya zo gani?"

"Oho. Ni dai na san ba kai ba, ɗan tsurut."

Na yi dariya, amma zancen ya zauna mini a ƙirji. Tun ina shekara bakwai nake mafarkin mutumin nan, da littafinsa, da ranar da zai rubuta sunana. Babana ma yana wurin, ya rufe shago ya cika mota da abokansa.

Saura ƙasa da minti ɗaya, suna gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo a hannunmu. Ɗaya daga cikinmu ya jefa daga nesa, ba ta shiga ba. Wendell ya cafke ta ya turo mini waje. Na ɗauka ta taɓa ƙarfe, na ɗauka ina da sabon talatin da biyar. Na ja da baya, na fara buga ta a hankali irin na sakandare, ina shirya yadda zan yanke mai tsarona kowa ya gani. Sai ƙaho ya busa. Sakan huɗu ne suka rage mini, na ƙone su ina rausaya. Aka ba su ƙwallo, aka cinye mu.

Na ruga teburin ina ihu. "Ta taɓa! Kowa ya ga ta taɓa!"

Ta ɗago ta dube ni, ba fushi ba tsoro. "Ba ta taɓa ba, ɗana."

Alƙali ya goyi bayanta. A wancan lokacin babu hoton da za a mayar a duba. Kuma kowa ya san a filin gida mai agogo kan ɗan yi wa nasa sassauci in abu ya zo kusa da kusa. Ita ba ta yi ba. A wajen ajiye motoci na ce wa babana ta taɓa, da idona na gani. Ya rungume ni ya ce, "Na sani, Lamont. Ta cuce ka, Allah na gani." Kafin Litinin duk wanda aka yi wa aski a Pell Creek ya ji.

Mako uku ban gaishe ta ba. A cikinsu na koma benci, wasana ya ƙara lalacewa, domin yanzu tsoron agogon nake, da na karɓi ƙwallo sai in wurgar da ita kamar garwashi. Koci ya kira ni ofis ya ce in watan ya ƙare haka, gurbina na wani ne. Washegari da sassafe na je ɗakin wasa don in yi jifa ni kaɗai, sai na tarar da ita zaune a kujera ta uku, ido a lumshe.

"Zauna," ta ce, ba tare da ta buɗe su ba. "Takunka na ji. Kai kaɗai ke tafiya kamar ana ɗaukarka hoto."

Na zauna ina cika ina batsewa.

"Ba ka ga ta taɓa ba, ba ka ga ba ta taɓa ba. Na ga inda idonka yake lokacin da ƙwallon ke sama. Layi na shida."

Jikina ya yi sanyi. Gaskiya ta faɗa. Ban kalli kwando ba, ban kalli agogo ba, mai kwat nake leƙe in ga ko yana kallona.

"Za ki faɗa wa Koci?"

"Me ya haɗa ni da Koci? Wannan naka ne. Ranar da ka ga dama ka faɗa da bakinka. Yanzu rufe ido. Zan danna. In ka ji talatin da biyar ta cika, ɗaga hannu."

Na ɗaga a sha tara. Ta yi dariya har da buga tebur. Na biyu na ɗaga a hamsin da ɗaya.

"Ka ga matsalarka? Ko ka yi gudu ko ka yi barci. Kada ka ƙirga da baki. Saurari numfashinka. Lokacin nan ba maƙiyinka ba ne, ɗaki ne. Shiga ka ga faɗinsa."

Haka muka yi kowace safiya har bazara. Ba na mantawa da waɗannan safiyoyin. Ido a rufe, sai in ji ɗumin rana na tafiya a kan fuskata, in ji bututun ɗumama ɗaki na ƙwanƙwasa can nesa, da ƙamshin na'a-na'a, da katako na ɗan ƙara shi kaɗai kamar yana tuna ƙafafun da suka bi ta kansa. A hankali talatin da biyar ta fara buɗewa. Na gane akwai wurin duba fili a cikinta, akwai wurin jiran Wendell ya juyo, akwai wurin fasa shawara a sake wata. Daga baya ta sa ni yi da ƙwallo a hannu, sannan da gudu, sannan tana jefa mini tambayoyin banza don ta ruɗa ni. Ranar da na ɗaga hannu daidai da cikar talatin da biyar sau biyar a jere, sai ta buɗe jakarta. Alewa biyu ta ba ni maimakon ɗaya.

Ban rasa gurbina ba. Na yi shekara huɗu, biyun ƙarshe ni ne kyaftin. Babbar gasar ƙwararru ba ta kira ni ba, kuma na ji daga baya cewa mai kwat ɗin nan dogon ɗan wasan ɗaya ƙungiyar ya zo gani, ko sunana bai tambaya ba. Na yi wasa shekara shida a Finland, na dawo, yau ina koyar da yara a sakandare. Cikin waɗanda suka zauna kusa da ita ido a rufe, ɗaya ya kai babbar gasar ya yi shekara biyu. Sauranmu akwai mai raba wasiƙu, akwai fasto, akwai direban motar asibiti. Direban ya ce mini har yau in abu ya rikice masa, ɗakin nan yake shiga. Wendell ya rantse ya taɓa ganin an ɗauke wuta ana tsakar atisaye, ta ci gaba da kiran lokaci da baki, da wuta ta dawo agogon hannun Koci bai saɓa mata ba. Shekarar da aka rage agogon zuwa talatin, ta ce an shiga gidanta an rushe mata ɗaki guda, amma ta sake jera kayanta ta ci gaba.

Mis Odessa, ke ce mai yatsan da ba ya son kai. Ke ce kika karɓi yaran da garuruwansu suka ruɗa da tafi, kika mayar da su mutane ba tare da kin karya su ba. Duk shekarun nan in mun haɗu nakan ce miki cikin wasa, "Ta taɓa fa," ki ce, "Ba ta taɓa ba, ɗana," mu yi dariya. Kin san ba wasa ba ne gaba ɗaya. Kin ji abin da ake faɗa a kanki a Pell Creek. Sau ɗaya a coci wata mata ta ƙi karɓar hannunki saboda ni, kuma ba daga bakinki na ji ba. Kina da kalma uku da za su wanke ki, layi na shida, kika riƙe su shekara ashirin da biyu don kada uba ya ji kunyar ɗansa. Ina jin kunya, kuma ina ƙaunarki.

Jiya na je shagon babana. Shekararsa saba'in da tara, amma yana buɗewa kullum. Hotunana na nan sun koɗe. Na jira ya sallami mai aski na ƙarshe.

"Baba, wasan nan na Janairu. Ban ga komai ba. Mai kwat nake kallo. Ƙarya na yi maka."

Ya tsaya da tsintsiya a hannu, bai juyo ba. Ni kuwa ba da niyya ba na ji agogon da ta dasa mini ya fara tafiya. Goma, yana kallon gashin da ke ƙasa. Ashirin, ya ɗaga kai ya dubi hoton da nake sanye da rigar Marlow. Talatin, na sallama, na ce ƙaho zai busa a kaina karo na biyu. A talatin da huɗu ya jingine tsintsiyar.

"Asabar ɗin, ƙarfe nawa?"

"Biyu, Baba."

"Ka zo ka ɗauke ni sha ɗaya. Me matar nan take so?"

"Alewar na'a-na'a."

"To sai mu tsaya a hanya." Ya share ido da bayan hannu. "Kai kuma ka rubuta a jarida. Ni na yaɗa, amma bakina ba zai kai ko'ina ba yanzu."

Ga shi na rubuta. Mutanen Pell Creek, ƙwallon ba ta taɓa ƙarfe ba. Duk wanda ke da yaro mai hazaƙa a hannunsa, koci ne ko uba, ya koyi gaya masa gaskiya irin ta matar nan, sannan ya zauna kusa da shi har ya iya ɗaukarta. Ku kuma da kuka taɓa rufe ido a gefen kujera ta uku, ku zo ranar Asabar.

Mis Odessa, mun gode. In kin ɗaga kai bayan ƙahon ƙarshe, ki duba layi na shida. Akwai wani tsoho da jakar alewa a cinyarsa, kusa da shi akwai ɗansa, kuma wannan karon ke yake kallo.