Rumbun Iri

Tatsuniyar rumbun iri ta kakarmu, Inna Mero, ni kaɗai na rage da ke riƙe da ita yadda ta faɗe ta. In na mutu a haka, ta bi ni.

A ƙauyenmu kusa da Lafagu, in an gama girbi sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i mukan kewaye murhunta. Tana gasa mana dankali a toka, tana korar awaki da ƙafa. Ba ta son surutu. Takan ce, "Ku ja bakinku, ga baƙuwa ta iso, ku ba ta wuri." Sai mu yi tsit.

Labarin garuruwa biyu ne a bakin kogin Kwara da suka yi rigima kan fadamar shinkafa. Sarkin gari ɗaya ya sa aka sari itace, aka sassaƙa jirage, aka tara gero, sannan ya haye da mutanensa. Suka tarar mazan can sun gudu. Ga rumbunan gari a tsaye, har da ƙaramin da ake ajiye irin shuka. Jarumansa suka kawo wuta. Sarki ya tare ƙofar rumbun da jikinsa. A nan Inna Mero takan rage murya: "Yac ce musu, wanga ba na abokan gaba ba ne, na damina ne. In kun ƙone shi, baɗi da wa za mu yi faɗa, da wa za mu yi sulhu?" Suka juya. Mazan can suka komo suka ƙwace fadamar. Sarki bai ci yaƙin ba, amma garuruwan biyu duk sun yi shuka.

Wata shekara Kawu Garba, mai kai shanu kasuwannin cikin Benin, ya dawo da nasa ci gaban. Wai ɗan sarkin ya girma, ya samo bindigogi da dawaki, ya haye ya ƙone komai har rumbun iri, ya ci sarautar kogi gaba ɗaya. Yana yi yana kwaikwayon ƙarar bindiga da baki. Yara suka haukace. Washegari ƙanena ya ce, "Inna, a yi muna ta Kawu, taki ba a kashe kowa."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta dubi yaron, ta dubi ɗanta Garba, ta tashi ta shiga ɗaki, dankalin ya ƙone. Ba ta sake faɗin tatsuniyar ba. Yau ka tambayi kowa a danginmu, ta Kawu zai ba ka.

Bara jikana Nasiru ya zo hutu daga makaranta a Birnin Kebbi da kwamfuta. Shi da abokinsa Bello suna zaure suna musu kan wani wasan yaƙi na kwamfuta mai kashi biyu. Bello ya ce tsohon ya fi, don sai ka yi noma, ka sari itace, ka gina gari a hankali. Nasiru ya ce na biyun ya fi, an ƙara ƙabilu, an ƙara makaman wuta, ga jiragen ruwa, ba jira. Na tsaya a kansu. Na ga 'yan mutane ƙanana suna noma, sai ga mahayan Nasiru sun faɗa musu. Gonar ta kama da wuta.

Na ce, "Waɗannan me suka yi maka?"

"Manoma ne, matata. Su ake fara kashewa. Ba abinci, ba soja."

"A tsohon ma haka ne?"

Bello ya ce, "Haka ne, Hajiya, sai dai can kafin ka iso gare su ka sha wahala."

Na zauna a tabarma. Wato na biyun bai kawo sabon abu ba, hanyar zuwa gonar mutane ya gajarta. Haka Kawu ya yi mana. Wutar tana hannun jarumai tun a bakin Inna Mero, shi mai tare ƙofa kawai ya cire.

Na ce, "Kai mijin banza, sake. Kada ka taɓa manomi ko rumbu."

Ya yi dariya, ya sake. Ya daɗe yana gumi, can abokan gaba suka yi masa taron dangi suka rushe garinsa.

"Kin gani? An ci ni. Wa ke yaƙi haka?"

"Na san wani sarki. Rufe abin nan."

Ya rufe. Na faɗa musu tun daga saran itace har shuka, ba wanda ya katse ni. Da na kai ƙarshe Bello ya gyara zama.

"Hajiya, tana da kashi na biyu?"

Na ce, "Ba ta da. Nasiru, maimaita min, in ji ko ka riƙe."