Wuƙar Damtsen Babanmu

Ban taɓa ganin wuƙar babanmu ba. Wuƙar damtse ce, irin wadda fatake ke ɗaurawa a ƙarƙashin hannun riga idan za su ratsa daji da shanu zuwa Damagaram, shi kuwa ba mutumin da zai tuɓe riga a gaban 'ya'yansa ba ne. Inna, mahaifiyarmu, ita kaɗai ta san ta.

Ina makaranta a Kano ya rasu. Wajen rabon gado aka ce wuƙa ba ta rabuwa, sai baffanmu ya miƙa wa dillali, aka yi gwanjonta a kasuwar Maigatari tare da buta da tsohon sirdi. Ko tambayar Inna ba a yi ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Haka na zama mai tara tsofaffin wuƙaƙe. Ranar kasuwa ina rumfar 'yan gwanjo, muna gasar tayi da Buzaye da masu saye su kai wa Turawa. Matata takan ce gidanmu ya fi maƙera ƙarfe, ga shi ko kaza ba na iya yankawa. Duk wadda na saya, daga tashar Gumel ɗakin Inna nake zarcewa. Idonta ya riga ya tafi, sai ta karɓa ta shafa kuben, ta zura hannu a maɗaurin, ta sunsuna fatar.

"Ba ita ba ce, ɗan nan. Allah Ya yi maka albarka."

Na sha roƙonta ta kwatanta mini kamanninta. Sai ta ce ita ba ta san yadda za ta faɗa ba, hannunta ne ya sani.

Inna ta rasu da damina. Na ce ni da gwanjo har abada, amma bayan sadakar arba'in sai ga ni a rumfar. Wani tsoho daga Sule Tankarkar ya kawo wata wuƙa mai baƙin kube, maɗaurinta ya sha zufa har yana sheƙi. Ina ɗaukarta na yi tayi. Na saye ta, na hau mota da ɗokina, ina jin direba ba ya sauri.

Sai da na yi sallama a ƙofar ɗakin Inna na ga kwaɗo a jiki. Na zauna a dokin ƙofa na yi kuka, wuƙar tana kan cinyata, ban san ko ita ce ba.