Matar da Take Sauke Hannun Liman

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Falmata, ƙanwar babana, mai tuyar ƙuli-ƙuli a Zango. Ba ta bar dukiya ba. Ta bar suna wajen ɓata wa manya taro.

A unguwarmu, in liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, magana ta mutu, ko sarki bai tone ta. Manya sun san haka. Da sun ga zance zai yi zafi, sai su ƙyafta wa liman ido. Gwaggo kuwa tana can bayan tabarmar mata, hannunta duk mai, sai ka ji ta ce, "Malam, sauke hannunka tukuna, ban gama ba." Konseye, wato kansilolin gari, sun sha wuya a hannunta. Wata rana ta tsayar da su har la'asar kan filin da mata ke tuya a bakin rijiya, aka bar mana shi. A nan nake soya abin da nake ciyar da 'ya'yana da shi har yau.

Yanzu maganar filin ta dawo, za a yanka shi a sayar. An tara mu makon jiya, aka karanto abin da aka riga aka yanke, aka ce ko akwai mai magana. Wallahi ko tari ban ji ba. Kowa ya san ƙanena Mamman ya faɗi ra'ayinsa a fadar shayi, hukuma ta kira shi tambayoyi, ya dawo lafiya, amma ko farashin gero ka tambaye shi yanzu sai ya waiga. Liman ya tsufa. Ya daɗe da hannuwansa a gwiwa yana duban ɓangaren mata kafin ya ɗaga su.

Da Gwaggo tana nan, me za ta ce? Ina jin ba manya za ta fara zagi ba, mu za ta fara. Tsorona shi ne 'ya'yanmu su tashi suna zaton taro wurin cewa amin ne kawai.

Abin da ya rage nata bai da yawa: kaskonta yana wurina, muryarta kuma tana hana ni sukuni. Akwai zama na ƙarshe ranar Asabar. Na gaya wa maigidana zan yi magana. Ya dube ni ya ce, "Yaran fa?"