Ya Kaltum, Wadda Ta Bar Humra Saboda Madarar Yaranmu

Kullum ƙarfe bakwai na safe Ya Kaltum take fitowa daga gidanta na Umarari, ta tari keke napep zuwa ɗakin gwajin abinci. Shekara ashirin da bakwai ke nan. 'Yar Maiduguri ce gaba da baya, amma ranar aiki ba humra a jikinta, ba turaren wuta a zaninta, ko mai ba ta shafawa.

Matan unguwa kan tsokane ta: "Ya Kaltum, anya ke Babarbariya ce kuwa?"

"Ni ce mana," in ji ta. "Na'urata ce hancinta ya fi naku."

Aikinta neman wani sinadari ne da ake sa wa roba don ta yi laushi. Yakan zame ya shiga madara, ba ɗanɗano ba wari, ya yi ta taruwa a jikin yaro. Ashe irinsa na cikin turare da man shafawa, ɗan kaɗan ya taɓa abin gwaji sai na'ura ta yi ƙarya. Shi ya sa komai nata na gilashi ne, sai ta gasa kwalaben a wuta kafin ta zuba komai. Kowane gwaji kuma takan haɗa da kwalbar da ba madara a ciki. In ita ma ta nuna datti, to laifin daga ɗakin ne, sai ta sake daga farko.

Na san ta ne ta dalilin mijina, marigayi Ba'ana, mai ƙulla madara a leda a Bulumkutu. Yaran makarantu uku ke sha, har da namu. Wata shekara aka gwada madararsa aka ga sinadarin, aka ce za a rufe wurin. Ba'ana ya kasa cin abinci. Ba rufewar ta fi damunsa ba. Sai ya dubi ƙaramar 'yarmu ya ce, "Ashe da hannuna nake ba ta."

Ya Kaltum tana iya sa hannu a takardar rufewar ta huta. Sai ga ta da rana tsaka da kwalabenta a kwando. Na yi maza na ɗebo mata madara a gorar roba, hannuna sai ƙamshin humra.

"Ƙanwata, mayar, kin ɓata wannan. Ni zan ɗiba."

Ta ɗiba a tukunya, ta ɗiba a bakin tiyon da ke kai madarar wurin ƙulli, ta ɗauki leda guda. Bayan kwana huɗu ta dawo.

"Malam Ba'ana, madararka lafiya lau take a tukunya. Tiyon ban ruwan lambu ka sa mata, kuma da zafinta kake turawa. Cire shi, ka sa bututun ƙarfe, ka bar ta ta huce."

Sau uku ta sake gwadawa kafin ta yarda. Ran da ta ce sinadarin ya fita, Ba'ana ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Shekara tara ya ƙara yana sana'arsa da mutuncinsa. Bara Allah Ya karɓi abinsa. Bututun yana nan, ni nake wanke shi yanzu.

Ya Kaltum, ke ce mai kwalbar gaskiya. Yaran da kika tsare ba su san sunanki ba, wasunsu har sun yi aure. Na gode, Allah Ya saka miki. Masu shiga wannan aiki, ku yi irin nata: ku je ku gani da idonku kafin ku sa hannu.

Jumma'ar da ta wuce ta ajiye aiki. Na kai mata humra haɗin hannuna. Ta buɗe, ta daɗe tana shaƙa, sannan ta miƙo min wuyan hannunta.

"Shafa min, ƙanwata," ta ce. "Litinin ba inda za ni."