Uwar Dutsen Niƙan Inna

Mu mutanen Aujara a yashi muka tashi. Dutse ɗaya na sani a duniya, shi ne na niƙan Inna, wanda uwarta ta zo da shi daga garin Dutse tana amarya. Shekarun da Nasara suka shigo ƙasar Kano hari ya lafa, hanya ta buɗe, ita kuwa Inna yanar ido ta fara rufe mata gani. Sai ta kafe, lallai sai ta ga inda aka saro dutsen nan tun tana gani.

Na yi mita har na gaji. Tsohuwa, ga rani, ga jaki ɗaya tal! Yayana dai ya ɗora ta, ni ina biye da ƙullin fura.

Washegari da hantsi na hango wani baƙin abu ya tokare kudu. Na ce, "Yaya, hadari! Mu nemi mafaka!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ke dai baƙauya ce. Hadari da rani? Duwatsu ne."

Da muka shiga Garu, tsohon garin da ke cikin duwatsun, wallahi salati kawai nake yi. Dutse kan dutse, wani ya fi rumbu goma, yana zaune kan ɗan ƙarami ba ko tokari, mutane kuwa suna wucewa ta ƙasansa suna hira abinsu. Wani gidan dutsen ne bangonsa. Ga dabino ko'ina, ga awaki can sama kamar tururuwa. Ni dai sanɗa nake yi, kada in yi tari abin ya gangaro.

Inna ta ce, "Mun iso? Ina yake?"

Fuskarta tana saitin dutsen da ya fi kowanne girma. Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta ce hayaƙi kawai take gani. Ashe mun makara.

Ta ce a sauke ta. Ta tuɓe takalmi, na ja hannunta har gindin dutsen. Ta ɗora tafukanta biyu, ta tura gaba, ta jawo baya, yadda take yi kowace asuba in tana niƙa. Can sai ta yi murmushi.

"Shi ne. Kaushinsu ɗaya." Ta sunkuya tana yi wa dutsen magana kamar ta ga ƙawa. "Ɗanki yana gaishe ki. Ya ciyar da mu, har cikinsa ya lotsa."

Sannan ta juyo wajena. "Ke mai ido, faɗa mini inda ya ƙare."

Na ɗaga kai, na ɗaga, har kallabina ya faɗi ƙasa. Sai na fashe da kuka. Ta matse mini hannu ta ce, "To bari, na ji tsawonsa."

Kafin ruwan shuka idon ya rufe ruf. Niƙa kuwa ba ta bar wa kowa ba.