Karofin Kawu Ilu

In ka shiga tsohuwar unguwar marina a Kurfi, bayan guntun ganuwar da ruwan sama bai gama cinyewa ba, za ka ga wata tsamiya da ramukan rini goma sha biyu a gindinta. Duk shara ta cike su yanzu. Nan Kawu Ilu, ƙanen uwata, ya ƙare rayuwarsa, hannuwansa shuɗɗa ko ranar idi.

Kakanmu ne ya haƙa ramukan. Ranar da zai cika ya riƙe hannun Kawu ya ce kada ya bari karofin ya mutu. To, ai kuwa ya ɗaure shi tamau. In aka zuba baba da toka a rami, sai an yi kwana bakwai ana motsawa safe da yamma, in aka tsallake rana ɗaya ruwan ya lalace. Da marina suna da yawa, wani kan motsa wa wani. Sai atamfar kanti ta shigo, wannan ya koma gona, wancan ya tafi Kano. Kafin 'yancin kai Kawu kaɗai ya rage, da rami guda. Ko bikina bai leƙo ba.

Da daminar 1964 uwata, Inna Rekiya, ta kwanta ciwo a Dutsin-Ma, ba ta kiran kowa sai shi. Na hau motar kasuwa na same shi a bakin rami, muciya a hannu.

"Kawu, Inna na kiranka. Jikin ya yi tsanani."

"Barira, kwana huɗu ke nan da na zuba. Saura uku."

"Haba Kawu! Ruwan baba fa?"

"To wa zan bar wa?" Ya waiga. Babu kowa a karofin sai awaki. Idonsa ya cika da ƙwalla, amma hannunsa bai daina motsa ruwan ba. "Ki ce mata ina tafe."

Wallahi na ji haushinsa, har yau ban gama hucewa ba.

Kwana biyu da komawata Inna ta rasu. Ya iso ana zaman makoki, riƙe da zane ɗaya da ya rina mata, ko bushewa bai gama ba. Na tambaye shi na mutum nawa ya rina a ramin. Ya sunkuyar da kai ya ce nata ne kaɗai, ba wanda ya kawo.

La'asar na yi ya miƙe ya nemi takalmansa, wai ramin na jiransa.