Kawu da Hukuncin Kwamfuta

Kawuna ya shekara arba'in yana sayar da ɓawon itace na kumburin gwiwa a 'yar rumfarsa bakin kasuwa. Akwai shi da cika baki, amma bai taɓa yaudarar mara lafiya da saninsa ba. Da ɓawon nan ya kai Auta, 'yarsa, jami'a har ta zama mai binciken magunguna.

Aikin Auta a kwamfuta yake. Tana shigar da siffar sinadaran tsirrai, kwamfuta ta gwada su ɗaya bayan ɗaya da abin da ke hura kumburi a jiki, ta jera waɗanda suka fi kama shi. Da ta ce za ta gwada ɓawonsa, Kawu ya bugi ƙirji ya ce in ba a sami komai ba zai rufe rumfar har abada. Abin ya dame ni, don shi magana ɗaya yake yi.

Ranar sakamako na raka shi ofishinta da hantsi. Ya zauna yana hararar allon kamar wanda aka kai ƙara.

"Baba, ɓawon nan bai taɓuka komai ba," in ji Auta a hankali.

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tausayinsa ya kama ni sosai.

"To masu dawowa suna min godiya fa? Ƙarya suke?"

"Yaya suke dafa shi?"

"Yadda na ba su mana! Su jefa ƙunshin gaba ɗaya a tukunya."

Ashe Kawu ya tsani leda, da wani faffaɗan ganye da ke bin katangar gidansa yake ƙunshi. Auta ta nemo sinadaran ganyen ta shigar. Bayan mako biyu muka koma ofishin, sai ga uku daga cikinsu sun ɗare saman jerin.

"Hasashe ne fa, Baba, sai an tabbatar a ɗakin gwaji," ta ce. Ina! Tsoho ya riga ya miƙe yana taka rawa tsakanin kujeru, ni kuwa dariya har da hawaye.

Washegari ya buɗe rumfa. Wata tsohuwa mai dogara sanda ta zo, ya cika mata hannu da ganye, ya ɗora guntun ɓawo a kai.

"Malam, ina maganin?"

"Ga shi nan a hannunki, Iya. Ɓawon kuma ki hura wuta da shi."